Tsaga a Bakin Ramin Mayunga

Shinyanga, watan Oktoba

Yaya Minza,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya nauyin jiki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da tuwon masarar kwalejinmu, wanda ko kare aka jefa da shi sai ya yi kuka.

Karatun duwatsu yana tafiya daidai. Malaminmu ya ce idan na ci gaba haka, ba zan rasa aiki wurin masu binciken ma'adinai ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ramin zinariyar ƙanenmu Mayunga. Da na je gida Geita hutu, na duba abin da suke fitarwa daga ciki. Dutsen ya ruɓe, ina murza shi yana zama gari, ga kuma danshi. Na roƙe shi ya bar ni in sauka in ga inda ya kamata a ƙara tokara katako, amma kin san al'adar, wai idan mace ta kusanci rami zinariya guduwa take yi. Ya yi ta dariya, ya ce, "Malama mai guduma, ki bari a ba ki takardar tukuna, sai ki zo ki koya wa ƙasa zama." Ni ma na yi dariya, amma tsoro nake ji. Ki yi masa magana, ya fi jin taki.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Kabula

Geita, watan Disamba

Yaya Minza,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana jaririyar.

Na yi abin da aka hana. Ruwa ya sauka sosai, haƙurina ya ƙare, na tafi har bakin ramin. Na tarar da tsaga mai shan hannuna, kuma sun jibge ƙasar da suka haƙo a kanta. Ban gama aunawa ba abokan aikinsa suka yi mini ca. Suka dakatar da aiki, suka yanka tunkiya don wanke wurin. Katakon da na ce a saya kuwa, babu wanda ya waiwaye shi.

Mayunga bai zage ni ba. Ya dai ce na kunyata shi, kuma da zarar sun ci karo da jijiyar zinariya zai tokare ko'ina. Yanzu sauri suke yi don su rama kwanakin da suka rasa.

Taki, Kabula

Geita, watan Janairu

Yaya Minza,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya, ke ma ki yi mini. Na san jego ne ya hana ki zuwa. Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya.

Ramin ya rufta ne daga wurin tsagar nan. Lokacin da ake tono Mayunga, ni ce na fi kowa sanin inda ƙasar za ta sake zubowa, amma can nesa aka tsayar da ni tare da mata. Ina kallo suna haƙa ta gefen da bai kamata ba, na yi ihu har muryata ta dishe.

Yanzu a gari cewa ake yi ƙafata ce ta kashe shi. Na jure wannan. Amma jiya Mama tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kabula, da gaske kin taka bakin ramin?" Na ce mata e, domin in cece shi na je. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Gobe zan koma makaranta. Na je yi mata sallama da yamma, ta ce idan an yi hutu in wuce wurinki.

Ki sumbaci jaririyar a madadina.
Ƙanwarki, Kabula