Na Ɓoye Damtsen Kututture a Buhun Gero

Malama Barira, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki amsa mini a fitowar wannan makon, domin gasar saura kwana tara, geron kuma bai fi na kwana huɗu ba. Za ki gane zancen geron a gaba. Ina roƙo ki sakaya sunana.

Na san filinki na masu rigimar aure ne. Ni aurena lafiya lau, shekara arba'in da shida ke nan. Tawa damuwar ta ƙarfe ce, kuma cikin farin ciki ta same ni. Da hannuna nake rubuta miki, don na yi ajin yamma na yaƙi da jahilci bayan furfura ta fito, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri.

Ni tsohon ɗan kokawa ne. Shekara goma sha tara ina shiga fili, daga Dukku har Kaltungo, bayana bai taɓa taɓa ƙasa ba, shi ya sa makaɗa suka sa mini Kututture. Na haifi maza biyar, babu wanda ya gaje ni. Ɗaya tela, ɗaya direba, biyu malaman makaranta, autan kuwa ko rago ba ya iya kayarwa ranar Sallah. Na riga na haƙura. Kwatsam sai jikata Rauda, mai karatun injiniya, ta shigo gida da wani akwatin ƙarfe mai taya huɗu, ta ce mutum-mutumi ne, kuma za a yi gasa a wani zaure a Tumfure inda irinsu za su yi faɗa da juna. A gabansa akwai wani faifan ƙarfe kamar bakin shebur. Ana tuƙa shi da rimot, ya cusa shebur ɗin a ƙarƙashin abokin karawa, ya ɗaga shi ya kifar. Malama, ai wannan kokawa ce! Da ta juyo mini da gefensa sai na ga ta rubuta KUTUTTURE da jan fenti. Na karanta da kaina, na sake karantawa, na shiga ɗaki na yi kuka. Tun ranar nake ce mata uwargida, kakarta kuwa na mai da ita amarya, har yanzu fushi take.

Abin da ya rage shi ne abin da zai ba shebur ɗin ƙarfin ɗagawa. Ita tana da sunan da take kiransa da Turanci, ni damtse nake ce masa. Ta kawo iri biyu, ta ce tunda ni ne masanin kayarwa, in zaɓa. Ɗaya motar waifa ce, wadda ke goge gilashin mota. Ɗayan silinda ce ta iska, da ɗan tankinta, wanda Emma mai faci na Kumbiya-Kumbiya yake cika mata.

Mun fara gwada motar waifa a tsakar gida. Tana ɗagawa, amma a hankali, kamar mai miƙa wa suruki goro. Wata kaza ta hau kan shebur ɗin, aka ɗaga ta sama, aka sauko da ita, ba ta ko daina tsince-tsincenta ba. Da aka sa silindar iska kuwa, muka ɗora kwanon wanki, Rauda ta danna. Ji kike fau! Kwanon ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Na yi ihu, na yi wa kaina kirarin da na shekara talatin ban yi ba.

Murna ce ta ja ni. Bayan la'asar na sa aka fito da shi ƙofar gida, na tara 'yan majalisarmu, har da waɗanda suka ga kokawata da idonsu. Ba mu ɗora masa komai ba, na ce ta danna su ga ƙarfi kawai. Ta danna. Kututture ya yi tsalle, ya juya a sama, ya faɗo da bayansa a ƙasa, tayoyi huɗu suna kallon sama. Babu abokin karawa, babu wanda ya taɓa shi. Shi ya kayar da kansa, da sunana a jikinsa, a gaban mutanen unguwarmu, Hammadu Kafi. Rauda tana dariya tana cewa in tsaya in gani. In ga me? Na cire babbar rigata na lulluɓe shi, na rungume shi na shige gida.

Ga inda na yi laifin. Washegari da ta tafi makaranta na kwance silindar, na tura ta can ƙasan buhun geron da kakarta take ɗiba tana yin kunu. Rauda ta dawo ta nema, na taya ta nema, ni na ɗaga mata katifa. Na bari aka ɗora wa 'yan jari-bola laifi. Ta zauna a bakin rijiya, ta ɗauko motar waifa ta fara ɗaurawa, ba ta ko ci abinci ba. Ni kuma kullum ina kallon buhun yana raguwa. Na ce wa kakarta kunu ya fara sa ni ciwon ciki, sai ta ce to ita yana yi mata daɗi.

Malama, wanne zan zaɓa? Mai sanyin jiki wanda ba zai kayar da kowa ba, ko mai zuciya wanda zai kayar da kansa? Na yi tunanin a ɗaura masa dutsen niƙa don ya zauna daram. Na kuma yi tunanin sifirin ɗin Keke Napep, akwai wani a wajen Emma. Kuma yaya zan yi silindar ta dawo ba tare da an san inda ta je ba?

Daga wani Tsohon Ɗan Kokawa, Gombe.

AMSA

Baba, na sakaya sunanka kamar yadda ka nema, amma ka faɗi unguwarka, da sunan kokawarka, da sunan jikarka, da na mai facinku. Ka ɗauka kowa ya sani, har da mai kunu.

Ban san komai a kan wannan sana'a ba, don haka na kai wasiƙarka wajen Fredrick, wani maƙwabcina da ke koyar da aikin injina. Ya ce motar waifa ba abin rainawa ba ce. Ba ta gajiya muddin akwai batir, ba ta da hatsari sosai, kuma mai haƙuri zai iya ɗaga abokin karawa da ita ya tura shi bango. Amma ɗagawa take yi, ba ta jifa. Silindar iska ita ce mai jifa, sai dai iskar ƙidayayya ce, in ta ƙare a tsakiyar faɗa shi ke nan, kuma tana son kulawa. Sifirin ɗin keke ka bar wa Emma kayansa, domin sai an ƙara wata motar lantarki irin ta waifa da za ta riƙa danne shi bayan kowane bugu, kuma yatsu yake ci. Dutsen niƙa kuwa, ana auna nauyin kowane ɗan takara kafin a shiga fili, a bakin ƙofa za a dawo da ku.

Babban kuskurenka shi ne ka yi wa wannan wasa hukunci da dokar kokawa. Fredrick ya ce a yawancin irin waɗannan gasa faɗuwa ba ita ce kaye ba. Alƙali yana ƙirga wa wanda ya kasa motsi ne. Wanda aka kifar, in shebur ɗinsa na da ƙarfi, sai ya doki ƙasa da shi ya mirgino kan tayoyinsa a ci gaba. Abin da Rauda take cewa ka tsaya ka gani ke nan, ka rufe shi da riga. Mai motar waifa kuwa, in aka kifar da shi, mai yiwuwa nan zai kwana. Tsallen da ya yi kuma don an buga shi babu kaya ne, da iska fiye da kima. A sa abin daidaita ƙarfin iska, a daina bugawa a banza, kada a zarce abin da aka rubuta a jikin tankin, kuma kowa ya ja da baya lokacin gwaji. Ka karɓi takardar dokokin gasar ka karanta da kanka ka tabbatar.

Na fahimci zafin da ka ji a gaban tsararrakinka, shekara goma sha tara ba wasa ba ce. Amma sunanka ka tsare, aikin Rauda ka lalata, ita da ta girmama ka. Babu hanyar da silindar za ta dawo a ɓoye. Ka ciro ta yau, a busa ta a wanke ta sosai don ƙurar gero tana toshe bawul, wato mashigar iska, ka miƙa mata hannu da hannu, ka faɗa mata kai ne kuma ka faɗi dalili. Ka wanke 'yan jari-bola a gaban waɗanda suka ji an zarge su. Daga nan ka mayar mata da zaɓin, domin ita za ta riƙe rimot, ita ta san wanne hannunta ya fi sabawa da shi.

Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi, kada ka rufe bakinta da wasan kaka da jika. Kwana tara sun isa a gyara silinda, sun kuma isa a huce. Allah Ya ba Rauda sa'a, Ya ƙara maka lafiya, Ya sa kana zaune a sahun gaba ranar da za ta shiga fili.