Wayar da Ke Karanta wa Matata Saƙonnin Ɗanmu Ta Fara I'ina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana da na ƙauyenmu, an san ni. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ku masu ilimin waya. Wanda kuma ya san "ka yi haƙuri" kaɗai zai ce, ya riƙe kayansa, na sha har ya ginshe ni.

Ni manomi ne ta wajen Minjibir, na haura hamsin, karatuna furamare ne, in kun ga rubutun ya karkace ku wuce. Matata, uwar 'ya'yana, ciwon suga ya cinye mata ido, yanzu rana da inuwa kawai take bambancewa. Ɗanmu na fari yana aikin tayil a Rijiyar Zaki, shi ya saya mata waya ya saita ta yadda in saƙon tes ya shigo, ta taɓa, wata murya ta namiji ta karanta mata. Za ku ce me ya hana ya kira ta ko ya naɗo mata magana. To yaron mai i'ina ne, mai tsanani, tun yana ƙarami ake kwaikwayonsa a dandali, shi ya sa ya tsani a naɗi muryarsa. Ko guda ba mu da ita. Rubutu yake yi.

Kuma ba irin rubutunmu ba. Muryar nan Turanci ta iya, in ka rubuta mata Hausa daidai sai ta yi ta kwaɓa. Sai ya zauna ya gano lagonta, yana karkatar da haruffa har ta faɗi abin da yake so. Inna sai ya rubuta Eenah, lafiya ya rubuta laa fee yah, haka dai. In ka duba da ido kamar sambatu, amma in muryar ta karanta sai ka ji Hausa, irin ta Baturen da ya daɗe a Kano. Kun san ɗan fari, ko sunansa uwar ba ta faɗa, in ya zo gida gaisuwa ce ta kau da kai, amma tes in ya shigo sai ta shige ɗaki ta kara wayar a kunne. Ta taɓa ce min a wayar nan kaɗai ta ji yaron nan ya ɗauko magana ya kai ƙarshe bai tsaya ba.

Daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu farga Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan kullum bayan la'asar sai ta kunna tsofaffin saƙonnin. Ba wani abu ba ne a ciki, Inna kin sha magani, Inna ki rage tuwo, a gaida Baba. Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba, na ce addu'a yake buƙata ba wannan ba. Gobe ma sai ta kunna.

To bayan mun gama cirar gyaɗa na kai wayar caji, sai na ga wani rubutu ya tare fuskarta, wai afdet, a sabunta wayar. Na ture shi ya dawo, na ture ya dawo. Turancin nawa na furamare ya ce min gyara ne, abu mai kyau, har data na sa na danna. Wayar ta mutu ta taso, komai ya sake kama. Da la'asar matata ta kunna, ina tsakar gida ina gyaran buhu, sai na ji muryar tana ƙara kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi, tana shaƙewa, tana kama kalma ɗaya tana maimaitawa. In-in-in-inna. Ki-ki-kin sha. Wallahi jama'a sak yadda yaron yake yi yana raye. Na leƙa na tarar ta saki wayar a cinya, ba kuka take ba, cewa kawai ta yi, "Malam, har can ma bai huta da ita ba?"

Babu abin da ban gwada ba. Na kashe na kunna, na cire layi na mayar, na sa abin kunne, duk ɗaya. Kira yana fita tas, wa'azin da ke kan memori ma tas, muryar karatun ce kawai. Duk da haka mai gyaran garinmu ya ce sifika ce ya canja, aikin banza. Na je Ɗambatta ranar kasuwa, wani ya shiga saitin ya rage gudun muryar, i'inar ta ƙara tsawo. Sai ya sauko da wata sabuwa, ta mace, wannan kam ba ta ƙara, amma ba ta san rubutun yaron ba, ko kalma ɗaya ba a ganewa. Matata ta ce a cire mata wannan matar, aka mayar da ta namijin da ƙararta. Na ce to bari ni in karanta miki, na fara haɗa baƙi ina tuntuɓe, ta ce in bari, ba haka yake faɗa ba.

Yanzu gida ya rabu. Ƙanwarta ta zo ta ce da gangan na yi, tunda dama na tsani abin, kuma na ga alamar maganar ta shigi matata, don ta daina ce min komai sai abin da ya zama dole, abinci ma sai an matsa mata, ga mai suga. Yayana ya ce gara haka, ta dangana. Shi da 'ya'yansa ke zagaye da shi, me ya sani. Wata maƙwabciya kuma, Allah ya shirye ta, ta je ta ce mata ai wannan ishara ce daga kabari, a yi sadaka. Na hana ta shigo min gida, amma maganar ta riga ta zauna.

Mai gyaran Ɗambatta ya ce hanya ɗaya ta rage, a yi mata filashin a mayar da ita yadda take da. Amma komai na ciki zai goge, kuma bai yi alkawarin tsohuwar muryar za ta dawo ba. Na ce a kwashe saƙonnin tukuna, ya ce zai gwada, in sha Allah. Ni kuwa na san irin wannan in sha Allah ɗin na masu gyara.

To ku faɗa min gaskiya. Akwai hanyar dawo da tsohuwar murya ba tare da filashin ba? Ban san sunanta ba, wanda ya zaɓe ta yana ƙasa. In an kwashe tes zuwa wata waya, ana iya mayar da su yadda za ta taɓa su karantu? Ko in bar ta haka? Don har yanzu tana kunnawa, da ƙarar da shaƙewar, in ya maƙale a kalma sai in ji tana ƙarasa masa a hankali, tana cewa "na gane, na gane, kar ka wahalar da kanka." Ni kuma in saɓi fartanya in fita, ba tare da ina da aikin yi a gona ba. Me zan yi, jama'a?