Furen Burans da Zuciyar Ija

Zuwa ga 'yata Tanuja,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kwalaben gwajinki. Yaya zafin Dehradun? Mu nan lafiya, ban da gwiwata da ke faɗa mini za a yi ruwa kullum, kuma ba a yi.

Na rubuto ne don wayar gidan tana ƙugun Ija, mahaifiyarki, ba halin in yi magana a ɓoye. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi, biyu daga ciki a bakin taga.

Jaridar da ta buga hotonki ta iso. Mai shayi ya karanta wa kowa: wai kin gano sinadari a cikin furen burans ɗinmu mai amfanar zuciya. Na sa ya maimaita har shayina ya huce. Furen da kakarki ke dakawa da gishiri da barkono, yau ga shi a jarida!

To, Ija ta ajiye ƙwayoyin zuciyarta na asibiti. Safe da yamma jan ruwan furen take sha. Na ce mata ai kin ce "mai yiwuwa ne", kuma a kwalba kika gwada, ba a jikin mutum ba. Ta tambaye ni yaushe na zama likita, ni da ke karanta allon mota bayan motar ta wuce. Ki kira ta, don Allah.

Mahaifinki,
Diwan Singh

Zuwa ga Tanuja,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya gajiya?

Na gode da kika kira. Ina bayan ƙofa na ji duk bayaninki, har da kukanki. Da ta kashe wayar sai ta dube ni tana murmushi: "Ka ji ta ko, tsoho? Tun tana ƙarama ba ta son yabon kanta."

Ƙafafunta sun kumbura, takalmina take sakawa. Duk da haka da kanta take hawa dutse tsinko furen, wai ni ban san mai kyau ba. Ina bin ta da kwando kamar jaki mai hula. Jiya ta zauna a kan hanya, leɓenta ya yi duhu, ta ce kallon gari take yi. Ni ma na zauna na taya ta kallon.

Na daka ƙwaya na zuba mata a ruwan furen. Kurɓa ɗaya ta gane, ta ba ni na shanye. Zuciyata dai yanzu garau take. Na sa rai furen zai ƙare kafin damina, ashe ta shanya shi buhu-buhu a ƙarƙashin rufi.

Ba furen take sha ba, Tanuja, ke take sha. Wa zai ce mata ta ajiye 'yarta?

Saura dabara ɗaya. Ki zo da farar rigarki ta aiki, ki ce kin sake bincike, kin gano furen ba ya aiki sai an haɗa shi da ƙwayar asibiti. Na sani, ni na hana ki ƙarya tun kina rarrafe. Amma ki tuna, wanda ya koya miki hakan bai yi karatu mai zurfi ba.

Ina bakin titi duk lokacin da mota za ta iso.

Mahaifinki mai jiranki,
Diwan Singh