Sanyin Alhamis da Ya Zo Asabar

Lakwaya, Litinin

Zuwa ga amaryata Zinnira,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Kano? Da hannuna na rubuta, hannun ajin yamma, kar ki yi wa layukan dariya.

Jiya na ji muryarki a rediyo kina faɗin yanayi. Na ɗaga rediyon sama a majalisa na ce, "Ku yi shiru, jikata ce!" Kin ce daga Alhamis sanyi mai tsanani zai sauka a Gwarzo da Kabo, kwana huɗu. Tumakina bakwai sun haihu, don haka na kwashe 'ya'yan na sa a ɗakina, ni na koma zaure. Maƙwabcina Malam Badaruddeen ya ce na fara ruɗewa. Ban kula shi ba.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki, Hammadu

Kano, Juma'a

Angona,

Ina gaisuwa da ladabi. Direban da ya kawo wasiƙarka ya ce jiya har gumi aka yi a Lakwaya, kuma ana tsokanarka, wai ka bar wa tumaki gado. Kaka, iskar ce ta yi jinkiri, hasashe ba alƙawari ba ne. Karona na farko ke nan, ga shi na ba ka kunya a gaban sa'o'inka. Ina tunanin roƙon shugabana ya ba wani wannan aikin. Ka koma ɗakinka, don Allah.

Taka, Zinnira

Lakwaya, Lahadi

Amaryata,

Bayan gaisuwa, ban koma ba, kuma ba za ki roƙi kowa komai ba.

Jiya sanyinki ya iso. Da asuba ruwan buta ya gagari hannu. Badaruddeen ya zo da hantsi, rungume da 'yan tumaki biyu suna rawar ɗari, ya ce, "Malam Hammadu, ko akwai sauran wuri?" Na ce, "A ɗakin ruɗaɗɗe?" Sannan na buɗe masa. Nawa duk lafiya, sai dai sun cinye gefen tabarmata.

Bari in gaya miki abin da na ɓoye. Tun Laraba na san ba zai zo Alhamis ba. Shanuna ba su fara cunkushewa wuri ɗaya da yamma ba, gashinsu bai tashi ba. Sai Juma'a suka yi. Amma cewa zai zo, kuma zai yi tsanani haka, ke kika riga su sani da kwana biyar. Shekara sittin ina bin shanu, ban taɓa ganin wanda ya riga su ba.

Kakanki mai alfahari, Hammadu

Kano, Talata

Angona,

Na gaishe ka. Ina nan a rediyo. Amma daga yau, duk Laraba ka rubuto mini abin da shanu suka ce. Tabarma kuwa, ga sabuwa a hannun direba.

Taka, Zinnira