Kunnen da Bai Gane Ki Ba

Ya ke sanyin idona, inuwar da na baro na fito rana, ruwan farko bayan dogon fari, uwar 'ya'yana,

Da wace fuska zan gaishe ki? Takarda na ɗauka don bakina ya yi nauyi.

A nan nesa da gida, a shagon gyaran garmahon da nake aiki, Sarkin Kunne suke ce mini. Duk Asabar masu abin hannu sukan cika benci suna musu: wannan ya rantse sautin faifai ya fi ɗumi, wancan ya ce na waya ya fi tsabta, ba ƙura, ba ƙaraf-ƙaraf. Sai maigida ya sa in fuskanci bango, ya kunna wannan, ya kunna wancan, in faɗi wane ne wane. Ban taɓa kuskure ba. Su tafa, su koma wajen matansu, ni in share musu ƙasa.

Ina tsaka da wannan wasan kika kira da lambar ƙanwarki. Kika yi sallama, na ce wa ke magana. Kika ce makuwa aka yi, kika kashe. Tun ranar ba ki sake kira ba. Kaico! Kunnen da ke jin allurar garmaho ta dakushe daga ɗaki na biyu, shi ne ya tambayi matarsa suna?

Na so in ɗora wa waya laifi, in ce matse murya take yi. Ƙarya ne. Masu waya sun ci wannan musun: abin da kika ba ta, shi ta kawo. Saƙonninki na murya ne suka taru ban buɗe ba, ina cewa sai na huta.

Kin tuna yammar da kike guga, faifan babana ya maƙale yana maimaita baiti ɗaya, kika ƙarasa waƙar kina dariya? Wannan muryar na taho da ita. Ita nake ta juyawa a kaina har ta siɗe, alhali taki ta ci gaba ba tare da ni ba. Yanzu na saurari saƙonnin duka. Ta yi kauri, zumata, ta yi zurfi kamar rijiyar da unguwa ke sha. Akwai rainon yara a ciki, akwai tari, akwai jira. Wallahi ta fi ta da kyau, kuma rashina ne ya sassaƙa ta.

Ban ce ki yafe ba tukuna. Ki kira kawai, ta kowace lamba, ki yi mini faɗa son ranki. Ba zan tanka ba. Koyon muryarki ta yau zan yi.

Naki har allura ta kai ƙarshen faifan raina,
Mijinki, kai a sunkuye.