Na Ce Musu Ni Gwani Ne

Asabar, 13 ga Yuli

Gwiwata ta hagu ta kai kabewa. Ina kwance a ɗakin otal da ledar ƙanƙara a kanta. Na zo in yi wasa a kan ƙanƙara, ga shi ita ke zaune a kaina.

Bakina ne ya ja min. A wurin ba da aron kayan sulu a kan ƙanƙara wata mata mai furfura ta tambayi tsawona da nauyina, sannan ta ce, "Ɗan koyo ne ko gwani?" 'Yata Noemi na tsaye a gefena, fuska a ɗaure tun da muka baro Paterson. Na ce bari in nemo dariyar nan ko ta halin ƙaƙa. Na bugi ƙirji na ce, "Gwani, baiwar Allah. A Ponce aka haife ni, kan dusar ƙanƙara aka yanke min cibi." Ponce fa, inda ko firij sai ya yi gumi. Matar ba ta san Ponce ba. Ta ɗauki sukudireba ta ɗaure abinta.

Ashe maƙallin da ke riƙe takalmi a jikin allon sulu, gwargwadon abin da ka faɗa ake ɗaure shi. Na ɗan koyo sako-sako ne, da ya faɗi allon ya fice, ƙafa ta tsira. Na gwani kam-kam. Na faɗi, allon ya ƙi sakina. Ni na yi gabas, ƙafa ta yi yamma.

Ni da nake sa tayil. Gwiwa ce jarina.

Noemi dai ta yi dariyar, a gaban matar. 'Yar kaɗan, ta hanci.

Lahadi, 14 ga Yuli, da safe

Noemi na wanka. Bari in rubuta abin da na tsallake jiya.

Uwarta Damaris za ta koma Arizona da sabon mijinta kafin a buɗe makarantu. Noemi shekararta sha biyar, an ce ta isa ta zaɓa, ko ta bi su ko ta zauna da ni. Shi ya sa na kawo ta nan. Mota ba ta ko yi zafi ba muka iso, amma na kama ɗaki don a ce mun yi tafiya. Waje rana na narka kwalta, ciki tudun ƙanƙara a ƙarƙashin rufin ƙarfe, mutane da safar hannu a watan Yuli. Tun tana ƙarama take son zuwa.

Akwai kujera mai rataye a igiya da ke haurawa da mutane kan tudun. Mu biyu kawai a tamu, ƙafafu na lilo, ba wurin gudu. Muna tsakiya ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Baba, kana so in zauna?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, kina tafiya zan zuba kaji a ɗakinki. Su ko ba komai suna ƙwai."

Ta kau da kai. Sai ƙarar igiya. Da muka kai sama ta sauka sumul ta bar ni. Na bi ta da sauri, ni gwani, sauran labarin yana gwiwata.

To me zan ce mata? Can ɗakinta daban, makarantar kuwa har da wurin iyo. Nan ɗakin ƙasa ne, tagarmu ƙafafun masu wucewa take kallo. Ni da na bar karatu a aji tara na bi motar siminti, in ce mata zauna? Sata ce.

Lahadin dai, da yamma

Mun dawo gida. Na sauke ta wurin uwarta da ƙafa ɗaya.

Da safe ta ce mu haƙura da zagayen yau. Na ce a'a, tafi ki yi, in zauna in ba ki maki. Akwai wurin shan shayi mai katon gilashi da ke kallon tudun. Na ɗora ƙafa kan kujera, na sayi cakulan mai zafi biyu, ban san me ya sa biyu ba.

Ta iya fa. Jiya-jiya ta fara, yau har tana karkata jiki kamar da shi aka haife ta. Jar rigar aro, ta yi mata yawa. Ta faɗi sau ɗaya, na zabura, gwiwa ta tuna min da kanta. Kafin in gama cije baki ta tashi ta kakkaɓe, ba ta waiwayo neman kowa ba.

Can ta gangaro har gindin gilashin ta tsaya tana haki, kumatu ja. Gilashin mai kauri ne, ko ihu ka yi ba a ji. Ina jin shi ya ba ni ƙarfin hali. Na ce, "Zauna." Da bakina na faɗa, a fili, har mutumin teburin kusa ya juyo.

Ta ɗage tabaron da ke idonta ta sa hannu a kunne. Me?

Na kumbura kumatu na yi mata bakin kifi.

Ta girgiza kai ta koma layi.

Talata, 16 ga Yuli

Likita ya ce jijiya ce ta yage, ba durƙuso sai kaka. Na ce to ko a coci? Bai yi dariya ba. Mutanen nan karatu ya cinye musu haƙora.

Asabar, 20 ga Yuli

Yaya Lourdes ta kawo shinkafa da wake da soyayyiyar agada, ta haɗa da wa'azi kyauta. Na ba ta labarin kajin don ta yi dariya. Ta ajiye cokali.

"Wilfredo, kai fa ko a jana'izar Mama sai da ka sa mutane dariya."

Na ce ai sun gode min.

"Sun gode. Yarinya ta tambaye ka magana, ka ba ta kaji. Girma ya zo, hankali na hanya."

Na ce mata ba na so in ɗaure yarinya da tausayi. Ta ce, "Wa ya ce ka ɗaure ta? Faɗa mata za ka yi, ta tafi da shi a aljihu." Sai ta hau goge murhuna da ƙarfi kamar shi ya yi laifin.

Laraba, 24 ga Yuli

Ta zaɓa. Arizona. Damaris ce ta bugo ta faɗa, da muryar da ake yi wa mara lafiya. Na ce madalla, a gaishe da ƙadangaru.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ban ci komai ba. Wai ciwon gwiwa.

Asabar, 3 ga Agusta

Ta zo kwashe kayanta. Ni ina zaune da sanda ina ba da umarni kamar mai gidan haya. Ba su da yawa, jaka biyu da fitilar karatu. Ta cire hotunan bango, ta bar guda, wanda na ɗora ta a wuya a bakin teku, haƙoranta biyu babu. Na ce kin manta wannan. Ta ce, "Ban manta ba."

Ta wanke min kwanuka ba wanda ya sa ta. Ta jera magunguna inda hannuna zai kai. Tana ta zagaya ɗakin a hankali, ta taɓa wannan ta gyara wancan, kamar mai jiran a kira sunanta. Na gani sarai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne in ta ga kaboyi ta tambayar min kuɗin hula.

Asabar, 10 ga Agusta

Sun tafi.

A bakin mota mijin ya miƙo min hannu, mutumin kirki ne, abin haushin ke nan. Noemi ta rungume ni har sanda ta faɗi. Ta ce a kunnena, "Zan riƙa kira duk Lahadi. Amma da sharaɗi, Baba. Kafin ka ba ni dariya sai ka faɗa min gaskiya guda ɗaya. In babu, in kashe waya."

Na ce an gama, ranki ya daɗe. Ta ce, "Ba wasa nake ba." Idonta irin na uwata.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Wani yaro ya miƙo min sandata.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ta kira daga hanya. Na fara da labarin likita. Ƙit, ta kashe. 'Yar nan da gaske take.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ta kira. Na ji ƙarar fanka a bayanta, ta ce zafin can kamar an buɗe tanda. Nan take maganganu uku suka zo min baki, kowace ta fi wata daɗi. Na haɗiye su. Tana jira, har na ji numfashinta.

Na ce, "Gidan ya yi shiru, Noemi."

Ta ja hanci. Sannan ta ce, "Wannan rabi ne, Baba. Ina bin ka rabi."

Na ce na ji. Daga nan ta ba ni labarin makaranta da wata ƙawa da ta yi, na saurara har ƙarshe ban sa baki ba. Sai da muka ajiye na lura ban ba ta dariyar ba ma, ita kuma ba ta nema ba.

Lourdes ta bugo daga baya, ta ce muryata wani iri, ko zazzaɓi nake. Na ce maganin gwiwa ne.

Ragowar rabin na san shi, ba dogo ba ne. Ɗazu na tsaya a kicin na gwada faɗa wa firij, ko shi ban iya kai masa ƙarshe ba. Saura Lahadi.