Marainiyar Fostarku Ta Yi Jikoki

Zuwa ga Baba Rabaran, Shugaban Kwamitin Mishan da Marayu na ikilisiyarmu, Selly Oak, Birmingham.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya Mama, yaya dattawan kwamiti, yaya fama da sanyi? Allah ya ƙara ƙarfi.

Bayan gaisuwa, ni ce Rifkatu, mai koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki kowace Laraba a reshenmu na Gorton, a Manchester. Ka san ni, ka sha cin tuwona. Abin da ban tabbata ka sani ba shi ne, ni ce kuma yarinyar nan mai majina da ke jikin fostar neman taimakon marayu, wadda kwamitinku ke liƙawa a kowane reshe. Hoton nan nake nema, na asali, cikakkensa. Na bi ta ƙofa an rufe mini, shi ya sa na fito da maganar fili.

1. Asalin hoton. An ɗauke shi ranar da mahaifiyata ta kai ni gidan marayu na mishan a can gida, bayan rasuwar mahaifina, ita ma ciwo ya ci ƙarfinta. Wata Baturiyar mishan ta fito da kyamara, ni kuwa na zaci bindiga ce, na nemi hanyar gudu. Sai Inna ta dafa kafaɗata ta riƙe ni. Fuskarta ba ta fito ba, hannunta kaɗai ya shiga, da awarwaro ɗaya da tabon ƙunar man ƙosai a babban yatsa. Ba ta ga ƙarshen daminar wannan shekara ba. Duk duniya ba ni da wani hotonta sai wannan hannu.

2. Haƙurin da na yi. Baba, na wuce hamsin, gwiwata tana ƙara in zan hau bas, ina da jikoki. Amma a fostarku har yau ban shiga aji ɗaya ba. Ɗalibaina yawancinsu tsofaffin matan Turawa ne, masu son Allah da son shayi. Ba ma tashi sai sun tuna mini a yi wa "'yar ƙaramar Rifkatu" addu'a, Allah ya ba ta abinci, ya ba ta ilimi, ya raya ta. Ni nake jan addu'ar, ni nake cewa amin da ƙarfi, don dai na san an amsa tun tuni. Na taɓa gaya wa babbarsu, wata tsohuwa mai suna Dorin, cewa ni ce a hoton. Ta dube ni, ta dubi bango, ta shafa mini hannu ta ce, "Haka ne, 'yata, dukanmu marayu ne a duniyar nan." Daga nan ta ƙara mini biskit.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Duk Kirsimeti sai sun saƙa wa yarinyar rigunan sanyi da huluna, su damƙa mini wai in aika mata. Gidan marayun nan kuwa a bakin kogin Binuwai yake, inda ko kaza sai ta buɗe baki take numfashi don zafi. Rigunan ba sa shiga ko hannuna, can kuma ba mai iya sa su. Sun cika mini saman wadirob.

3. Da zamanin tsuke bakin aljihun nan ya zo, kansil ta rufe ɗakin taron unguwa inda muke karatu. Aji ya dawo falona, fosta ma ta biyo mu, Dorin da kanta ta liƙa ta a saman talabijin. Ka ga ke nan ina cin abinci ina kallon majinata. Maigidana, Baban Ladi, ya samu abin yi. In an zuba miya sai ya ce a ƙara wa marainiya nama. In na yi masa maganar famfon da ya ƙi gyarawa, sai ya nuna bango ya ce shi ba ya jayayya da yara. Duk na shanye. Me ya sa? Don in na gaji da aiki na zauna, ina ɗaga kai in ga hannun Inna a kafaɗata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4. Inda tura ta kai bango. Bana kwamitinku ya ce a rage kashe kuɗi, a buga fostar a ƙaramar takarda. Ban ƙi ba, kowa na tsimi. Amma da sabuwar ta iso na buɗe, sai na ga an datse gefe. An bar majinar, har kamar an ƙara mata haske, an yanke hannun. Tsohuwar fostar kuwa, kafin in dawo daga asibitin da nake aiki, Dorin ta sauke ta, ta kai kwandon takardu, motar shara ta kwashe. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na yi kuka kamar a lokacin aka yi mini rasuwar.

5. Zuwana ofishinku. Na bi bas mai araha har Birmingham, tun da jirgin ƙasa yanzu ya fi ƙarfin mai koyarwa don Allah. Na iske sakatarenku, mutum mai ladabi da taye. Ya tabbatar mini hoton asali yana nan cikin durowa, har ya ƙwanƙwasa durowar don in ji. Na ce a ba ni, ko a wanke mini wani. Sai ya gyara tabarau ya ce dokar kare yara ba ta yarda a ba wani hoton ƙaramar yarinya ba, sai da izinin mai kula da ita. Na ce masa ni ce yarinyar. Ya ce, "Mama, ban musa ba, amma a wurinmu yarinyar ba ta kai shekara sha takwas ba." Abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori! Ya ba ni shayi, ya raka ni har bakin titin Bristol, ya ce in gaida gida.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Mishan ya ci da ni, ya tufatar da ni, ya koya mini karatun da nake koyarwa yau. Ban manta alheri ba, kuma ba na jin kunyar maraici. In fuskata ta jawo wa wani yaro kwanon shinkafa, na gode wa Allah. Amma gidan marayun nan cike yake da yara masu sunayensu, an bar su ana ta yi wa kakar wasu addu'a ta girma.

Saboda haka ina roƙo. A sanar daga kan bagadi cewa Rifkatu ta girma, don ni Dorin ba za ta yarda da ni ba, amma kai mai farar kwala za ta yarda da kai. A kuma gaya wa tsofaffina abin da yaran can ke bukata, su huta da saƙa, ni ma wadirob ɗina ya huta. Sai babban roƙon: a buɗe durowar nan a ba ni hotona yadda aka ɗauke shi. In kuwa sakatare ya nace sai mai kula da yarinyar ta ba da izini, a gaya masa tana cikin hoton, tana riƙe da kafaɗarta. Ita ce kuka yanke.

Ubangiji ya ja kwananka, Baba, ya ba kwamiti hikima, ya albarkaci kowane hannu da ya taɓa dafa maraya.

Wassalam, taka cikin Ubangiji,
Rifkatu, Gorton.